Daga saurare zuwa kira: jagorar shiga harkar rediyon sha'awa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama gajeren zango ya san mita 41, da 31, da 25, da 19. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa kunnen mutanenmu ya saba da wannan murya mai tashi tana sauka cikin ƙugi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a tsakankanin manyan tashoshin nan akwai 'yan guraben da dokokin sadarwa na duniya suka keɓe wa mutane ɗaiɗaiku. Malamin makaranta a Italiya, manomi a Brazil, tsohon injiniya a Japan, kowa da na'urarsa a ɗaki da wayarsa a kan rufi, suna magana da juna ba layin waya, ba data, ba kamfani a tsakani. Ita ce harkar rediyon sha'awa, masu yinta kuma duniya ta san su da suna "ham". Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris aka kafa ta ranar 18 ga Afrilu 1925. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ɗan harkar ne, lambar kiransa JY1.

Na daɗe ina wannan abu, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Wace na'ura zan saya?" Amsata kullum ɗaya ce: kada ka sayi na'urar aikawa tukuna. Fara da kunne, ka bi da eriya. Wanda ya yi haka, ranar da lasisi ya shigo hannunsa ya riga ya san inda zai dosa.

Mataki na farko: saurare

Rediyon kasuwa da muka saba da shi AM yake kamawa a gajeren zango. Masu rediyon sha'awa kuwa sun fi magana da tsarin SSB, wanda ke zubar da rabin siginar da ba ta da amfani don ƙarfin ya tattara wuri guda. Idan ka ci karo da irin wannan magana a rediyon da ba shi da SSB, za ka ji ta kamar mutum ya cusa baki cikin tulu yana magana: ka san murya ce, amma ba za ka tsinci kalma ko ɗaya ba. Don haka abin nema na farko shi ne rediyo mai maɓallin SSB, irin su Tecsun PL-330 ko PL-660 ko XHDATA D-808.

Akwai hanya ta biyu, wadda ni na fi so. Wata 'yar na'ura ce mai suna RTL-SDR, ana soka ta a ramin USB na kwamfuta, sai allo ya nuna maka zangon gaba ɗaya, kowace sigina tana zubowa da layinta. Ka nemi samfurin V3 ko V4, domin su ne ke sauka har gajeren zango. Na gama-gari daga wajen megahaz 24 suke farawa. Idan kuma aljihu bai kai ba, Jami'ar Twente da ke Holan ta daɗe da jona rediyonta da intanet kyauta, ka buɗe shafinta mai suna WebSDR ka murɗa yadda kake so. Sai dai abin da za ka ji can na sararin Turai ne, ba na garinku ba.

Ga guraben da za ka fara leƙawa, bisa rabon yankinmu na Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. Zangon mita 40 yana daga megahaz 7.000 zuwa 7.200, wato dab da ƙasan mita 41 da ka sani. Na mita 20 daga 14.000 zuwa 14.350. Na mita 15 daga 21.000 zuwa 21.450, na mita 10 kuma daga 28.000 zuwa 29.700. A kowanne, ƙasan zangon na masu buga Mos ne, wato saƙon da ake aikawa da gajeru da dogayen sautuka, da masu kwamfuta, masu murya suna sama. Ƙa'ida ɗaya ka riƙe: SSB iri biyu ne, LSB da USB (ba ramin kwamfuta ba); ƙasa da megahaz 10 a LSB ake magana, sama da haka a USB. Idan murya ta ƙi fita duk yadda ka murɗa, nan za ka fara dubawa.

Lokaci kuwa shi ne rabin harkar. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, hasken rana na caza iska, sai ta zama shimfiɗa-shimfiɗa masu lanƙwaso siginar rediyo ƙasa. Shimfiɗar da ta fi kusa da mu, wadda ake kira D, ba ta dawo da komai, shanye ƙananan zanguna take yi da rana, rana na faɗuwa kuma sai ta watse. Shi ya sa mita 40 da rana ba ta wuce maƙwabtan ƙasashe, amma bayan isha'i sai ka ji Turai ta cika ta. Ta can sama, wato F, ita ke kai sigina nesa, kuma ƙarfinta na bin zagayen rana na shekara 11. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019, ya kai ganiyarsa wajen 2024. A irin waɗannan shekaru mita 15 da mita 10 kan buɗe tun hantsi har la'asar sakaliya, wat kaɗan ya ishi mutum ƙetare teku. Mita 20 ce ba ta cika ba da kunya ba: daga la'asar zuwa bayan magariba kusan kullum akwai wanda ake ji. Ka kuma kula da ɗan lokacin nan na fitowar rana da na faɗuwarta, domin a nan ake samun ƙasashen da ba a jinsu sauran yini.

Akwai wata dabara ta gane ko hanya a buɗe take. Tashoshi 18 ne a warwatse cikin duniya da ba su da aiki sai faɗin lambarsu da Mos a kan 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200. Kowace na ɗaukar daƙiƙa 10, zagayen na kammala cikin minti 3. Bayan lambar sai ta ja dogon sauti huɗu, na farko da wat 100, sai 10, sai 1, na ƙarshe kashi ɗaya cikin goma na wat. Biyu daga cikinsu a Afirka suke, 5Z4B a Kenya da ZS6DN a Afirka ta Kudu. Ranar da ka ji sauti na huɗu daga wata nahiya, ka san sararin ya yi kyau ba kaɗan ba.

Ka tanadi littafi tun daren farko. Rana, lokaci, megahaz, lambar kiran da ka ji, ƙarfin siginar. Lokacin da agogon UTC ake rubuta shi, wanda muka sani da GMT, wato a Najeriya da Nijar ka rage awa ɗaya, a Gana kuwa daidai yake da na bango. Bayan 'yan makonni littafin da kansa zai fara gaya maka wace ƙasa ke shigowa da wane lokaci, kuma farkon lambobin zai zauna maka: I Italiya, DL Jamus, EA Sifaniya, PY Brazil, JA Japan, ZS Afirka ta Kudu.

Mataki na biyu: eriya

A nan nake so ka ɓata lokaci. Na'ura mai tsada a kan eriyar banza ba ta kai ƙaramar na'ura a kan waya da aka auna da kyau ba, kuma eriyar da zan kwatanta maka kayanta duk suna shagon masu kayan wuta na unguwarku.

Sunanta daifol: waya biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, kebul ya sauko daga tsakiyarsu. Lissafinta shi ne ka raba 143 da lambar megahaz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon wayar duka a mita. Don 14.2 za ka samu mita 10.07, wato kowane ɓangare mita 5 da santimita 3 ko 4. Don 7.1 kowane ɓangare ya ɗan haura mita 10. Ka fara da ta mita 20, ita ce za ta shiga yawancin gidajenmu.

Sayi wayar wuta mai jan ƙarfe a ciki, mai kauri lamba 1.5 ko 2.5, ka tabbata jan ƙarfe ne na gaske ba fenti ba. Ka ɗan kankare ta da wuƙa a gaban mai shago. Yanka kowane ɓangare da rarar santimita 20. Samo guntun fayif na roba irin na ruwa, kamar tsawon tafin hannu, ka huda shi a gefe biyu, ka zura kowace waya ka murɗe ta don kada nauyi ya faɗa kan haɗin. Fere bakin kebul ɗin, cibiyarsa ta tafi waya ɗaya, saƙar da ke kewaye da ita ta tafi ɗayar, ka like kowanne da dalma. Idan ba ka iya ba, mai gyaran rediyo zai yi maka cikin minti biyar, ka tsaya ka kalli hannunsa. Sannan ka naɗe wurin da salatif mai kyau, bakin kebul ya kalli ƙasa, domin ruwan damina in ya shiga saƙar nan sai ta yi baƙi ta daina aiki a hankali ba ka sani ba.

Kebul ɗin da aka yi don wannan aiki mai om 50 ne (om ma'aunin turjiyar wuta ne), RG-58 ko RG-213 mai kauri. Amma kada rashinsa ya tsayar da kai. Kebul ɗin dish, RG-6, om 75 ne, ita kuma daifol a sarari wajen om 73 take, saboda haka suna jituwa. Matsalarsa ɗaya, saƙarsa sau da yawa alminiyom ce, ba ta cin dalma, sai dai ka ɗaure da kusoshi masu zare. Dab da ƙasan haɗin, naɗa kebul ɗin zagaye bakwai ko takwas, faɗin kamar santimita 12 zuwa 15, ka ɗaure. Wannan naɗin ne ke hana sigina biyo bayan kebul ta dawo ɗaki.

Ƙarshen kowace waya ka sa wani guntun fayif, daga shi sai igiyar nailan zuwa bishiya ko gora. Tsayi na da muhimmanci ƙwarai: mita 10 shi ne abin so ga wannan zango, amma 6 ko 7 ma za ta yi aiki. Daifol ta fi ji da aikawa ta gefenta, ba ta bakin wayar ba, don haka in ka shimfiɗa ta gabas da yamma ta fuskanci Turai a arewa da Afirka ta Kudu a kudu. In sanda ɗaya kake da ita, ɗaga tsakiyar, ka sauko da ƙafafun biyu a karkace, kada dai kusurwar da ke tsakaninsu ta gaza digiri 90.

Saura gyara. Da 'yar na'urar awo irin NanoVNA za ka ga inda SWR ya fi sauka, wato inda eriyar ta fi karɓar wutar da aka tura mata maimakon ta maido ta. In wurin ya faɗo ƙasa da inda kake so, wayar ta yi tsawo. Kada ka yanke, lanƙwasa bakin ka murɗe shi a jikin wayar. Santimita 5 daga kowane ɓangare na matsar da ita kusan kilohaz 140. Ka sauke, ka gyara, ka ɗaga, ka sake aunawa, domin awon da aka yi tana kwance a ƙasa ƙarya ne. Duk SWR ɗin da ya gaza 2 ya wadatar; kada ka ƙone a rana kana farautar 1.0.

Abu biyu ba wasa a cikinsu. Kada eriya ko sandarta ta kusanci wayar wutar lantarki, ka auna da cewa ko ta faɗi ba za ta taɓa ba. Kuma bakin wayar na ɗaukar wuta mai ƙuna lokacin aikawa, ya zama hannun yara bai kai wurin ba.

Mataki na uku: ƙara, hazo da tsawa

Babban abokin gabar mai saurare a garuruwanmu ba nisa ba ne, ƙarar kayan wutar gida ce. Inbata, cajar waya mai araha, ƙwan fitila na LED, na'urar cajin sola, duk suna feso shuu a gajeren zango. Gwajin mai sauƙi ne: kashe wutar gidan gaba ɗaya, har inbata, ka kunna rediyo da batir. In ƙarar ta faɗi, mai laifin na cikin gidanka. Riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ya tona kansa. Na sha ganin caja guda ta rufe zango sukutum. Shi ya sa nake gudanar da tashata kai tsaye daga batir mai bolt 12 da sola ke cikawa da rana, ba inbata a tsakani.

Hunturu na da nasa. Busasshiyar iska mai ƙura na gogar wayar tana tara mata caji, har ka ji ƙas-ƙas a bakin kebul, cikin duhu ma ka ga ɗan tartsatsi shuɗi na tsallakawa daga cibiya zuwa saƙa. Wannan ya isa ya kashe ƙofar shigar sigina a rediyo. Maganinsa rezisto mai om dubu 100 ko fiye a tsakanin wayoyin biyu, da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa aka haɗa da saƙar kebul, wurin da ke samun danshi. Da damina kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya: da ka ga hadari ya haɗu, zare kebul daga na'ura ka fitar da bakinsa waje. In za ka yi tafiya ma haka.

Mataki na huɗu: lasisi

Aikawa ba lasisi laifi ne a ko'ina, kuma a halin tsaron da yankinmu ke ciki abu ne da zai iya jefa mutum cikin babbar wahala. Ƙananan oba-oba irin Baofeng UV-5R da suka cika kasuwa na iya aikawa har a guraben da ba na 'yan sha'awa ba, saboda haka kada ka danna maɓallin magana don gwaji kawai.

A Najeriya ka fara da ƙungiyar masu harkar, NARS, wadda ke cikin IARU, da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da guraben rediyo, a Gana kuma NCA. Abin da ake son ka sani bai wuce uku ba: tushen ilimin lantarki irin dokar Ohm, dokokin zanguna da iyakar ƙarfi, da ladabin magana a iska. Mos ya daina zama sharaɗin duniya tun taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2003, ko da yake ina ba kowa shawarar ya koya. Lambar kiran da za a ba ka da harafin ƙasarka za ta fara: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Lasisin bai yarda da kasuwanci ba, ko sa kiɗa, ko ɓoye ma'anar magana.

Kafin sanda ta tashi sama da rufi, ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, ka nuna wa maƙwabta takardarka. Ka gayyaci yaran layin su zo su ji. Abin da mutane suka gani da idonsu ba ya zama abin zargi.

Mataki na biyar: na'ura da kiran farko

Yanzu ne maganar saye ta zo. Masu wat 100 irin Icom IC-7300 da Yaesu FT-891 na jan wajen amfiya 20 lokacin aikawa a bolt 13.8, don haka suna son batir babba da waya mai kauri, da fis kusa da kan batirin. Xiegu G90 wat 20 ce, ba ta cin wuta sosai, kuma a ganina ta ishi mai farawa a nan. Dalili kuwa shi ne tashoshin ƙasashenmu ba su da yawa a iska, masu neman cika ƙasashe 100 don samun shaidar DXCC kuwa dubbai ne. Da 5N ko 5U ta fito, su za su yi ta ƙoƙarin jinka.

Kada ka fara da yin kira. Nemi wanda ke kiran CQ, wato kiran neman duk mai son amsawa, da ƙarfi, ka saurari yadda ya yi da mutum biyu ko uku, ka rubuta lambarsa daidai. Da ya saki maɓalli, faɗi lambarka sau ɗaya, cikakkiya, da haruffan da duniya ta amince da su: Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu. In ya amsa, ka ba shi rahoto mai lamba biyu, ta farko daga 1 zuwa 5 don fitar magana, ta biyu daga 1 zuwa 9 don ƙarfi. Ka faɗi gaskiyar abin da ka ji, in 55 ne ka ce 55. Sai sunanka, da garinku, wanda ake kira QTH, ka rufe da 73, wato gaisuwar ban kwana. Turanci kaɗan ya isa, Faransanci ma na aiki sosai. Ranar da kai za ka yi kira, fara tambaya ko akwai mai amfani da wurin, ka jira, ka sake tambaya. In jama'a suka yi maka caa, kada ka rikice: ɗauki haruffa biyu da ka tsinta, ka ce mai su kaɗai ya maimaita, kuma kada ka amsa wa wanda ya yi kutse.

Inda hankalina ya fi karkata yanzu

Abu biyu ne, kuma duka ana iya fara saurarensu kafin lasisi ya fito. Na farko FT8, tsarin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce ke aika gajeren saƙo cikin zagayen daƙiƙa 15, kuma tana tsinto siginar da kunne ba ya ji ko alama. Sauke manhajar WSJT-X kyauta, kai rediyo 14.074 a USB, shigar da sautinsa cikin kwamfuta. Agogon kwamfutar ya zama daidai, kuskuren da ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu na hana komai fitowa. Manhajar za ta tambaye ka lambar murabba'in da kake a taswira. Kaduna JK30 ce, Yamai JK13. Ba hira ake yi a FT8 ba, shi ya sa wasu tsofaffin hannu ba sa sonta, amma don gane inda eriyarka ke kaiwa ban ga kamarta ba.

Na biyun shi ne QO-100, kuma shi na fi so mutanenmu su sani. Na'ura ce ta 'yan sha'awa da ke jikin tauraron ɗan'adam na Ƙatar, Es'hail-2, da aka harba a Nuwamba 2018. Yana tsaye wuri guda a digiri 25.9 gabas, gefen taurarin Badr, yana ganin Afirka duka, daga gabashin Brazil har Tailan. Ba ruwansa da dare ko rana ko zagayen shekara 11. Ana aika masa a gigahaz 2.4, yana maidowa tsakanin megahaz 10489.500 da 10490.000, kuma dish na talabijin mai santimita 80 ko 90 da LNB ɗinsa, wato 'yar na'urar da ke gaban dish ɗin, sun isa a ji shi.

Ga yadda ake yi. LNB na gama-gari na rage 9750 daga abin da ya karɓa, don haka siginar za ta sauko kebul tsakanin 739.500 da 740.000, inda RTL-SDR ke kamawa ba wahala. LNB ɗin na buƙatar bolt 12 zuwa 13 ta cikin kebul, ita kuwa RTL-SDR abin da take bayarwa bai kai 5 ba. Sai ka sa 'yar na'urar shigar da wuta a tsakani, ko ka bar tsohuwar dikoda ta ciyar da shi ta mararrabar kebul mai wuce wuta ta ƙafa ɗaya kawai, SDR ɗin a ɗaya ƙafar. Ka tabbatar da wannan da mitar awon wuta kafin ka jona, in ba haka ba wutar za ta ƙona ta. Daga Kano dish ɗin kudu maso gabas zai kalla, a ɗage sosai, wajen digiri 65. Juya shi a hankali kana kallon allo har layin fitilar Mos, wato siginar alama da ke fitowa daga tauraron ba tsayawa, ya bayyana a ƙasan zangon, sannan ka ɗan murɗa LNB ɗin a mazauninsa har layin ya fi haske. Kada ka yi mamaki in ka same shi ya kauce da kilohaz masu yawa, ko yana tafiya a hankali yayin da rana ke dukan LNB ɗin. Nemi LNB mai PLL, irin wanda bai cika kaucewa ba, ka yi masa 'yar inuwa, sannan ka sa manhajar da kake sarrafa RTL-SDR da ita ta kama fitilar tsakiya da ke 10489.750 ta riƙa gyara kaucewar da kanta. Tsakanin fitilun nan za ka ga layukan murya, ka danna ɗaya, ka zaɓi USB.